Gam ɗin duwatsu a wayar Baffa

Ni mai ɗinki ce, kuma a Gwallaga kowa ya san ba na son a ce mini "ba za ki iya ba". Wannan halin ne ya sa na buɗe wayar mahaifina, Baffa, da hannuna.

Wayar tsohuwa ce, batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Sai ta yi caji wuni guda, ta mutu cikin minti biyar. Da wayar wani ce, da tuni an jefar. Amma a cikinta akwai saƙon murya ɗaya da Inna ta turo wa Baffa watanni kaɗan kafin rasuwarta, lokacin da ta je jinyar ƙanwarta a Inkil. Wayar Inna ta ɓata a hidimar zaman makoki, mu kuma duk wayonmu babu wanda ya yi tunanin tura saƙon wani wuri. Kullum bayan karin kumallo Baffa yakan danna ya saurara, sannan ya sha maganin hawan jininsa. Tun da wayar ta fara mutuwa ya daina shan maganin sai an yi faɗa da shi.

Yayana da ke Gwallameji ya ce a kai wa masu gyara. Baffa ya ce atafau. Ya ji labarin wani abokinsa da ya kai gyaran caji, aka yi wa wayar filashin, komai ya goge.

"To ni zan sa batirin," na ce.

Yaya ya yi dariya har da tafa hannu. "Ke? Kin ɗauka zip ɗin siket ne?"

Na lallaɓa Baffa ya ba ni wayar. Washegari na hau Keke Napep na tafi shagon wani Inyamuri da ke sayar da kayan waya. Ya duba lamba, ya miƙo mini batir da ɗan siririn sukudireba.

"Hajiya, ka bari in sa maka mana. Wannan aiki ba na wasa ba ne."

"Na gode, ka ba ni kayana kawai."

Na rufe shagona da hantsi, na share kan keken ɗinki, na shimfiɗa farin ƙyalle. Na kalli bidiyon yadda ake yi sau huɗu. Ƙananan kusoshin na jera su a kan maganaɗisun da nake tsince allurai da shi. Na cire tsohon batir a hankali, na sa sabo, na mayar da komai. Murfin ne ya ƙi zama, don gam ɗinsa na asali ya mutu. Sai na jawo gam ɗin da nake manna duwatsu a jikin leshi, na zagaye bakin murfin da shi. Ban yi rowa ba ko kaɗan, domin a sana'armu wanda ya yi ƙwauron gam shi ake dawo wa da kaya. Na danne, na ɗaure da roba, na zauna ina jin kaina.

Da azahar na danna maɓallin kunnawa. Shiru. Na sa caji, ko ɗan haske babu. Na canza waya, na canza kan caja, na kai ta shagon maƙwabciyata mai sola ko wutarmu ce ba ta da ƙarfi. Wayar nan ta yi kwance kamar marmara. Tsoro na ji sosai, irin wanda ban taɓa ji a kan kayan mutane ba.

Kamar an aiko shi, sai ga kiran Yaya.

"Injiniya, an gama?"

"Ana kai."

"Ki faɗa mini gaskiya. In kin kashe ta, ke za ki gaya wa Baffa da bakinki."

Na kashe kiran. Haushinsa ne ma ya dawo mini da hankalina. Na ce wa kaina, in riga ta ƙi zama a jikin mutum me nake yi? Warwarewa nake yi in bi ɗinkin daga farko. Na ɗauko abin warware ɗinki, na bi bakin murfin da shi ina tsine wa hannun da ya zuba gam ɗin nan, har ya ɓalle. Na kwance kusoshi, na sa tabarau, na matsa bakin ƙofa inda haske yake.

Batirin yana da wani ɗan harshe da ake dannawa a cikin gurbinsa. Ido ya ce ya zauna, amma da na shafa da ɗan yatsa sai na ji gefe ɗaya ya ɗan tashi. Na ɗaga shi. Wani guntun zare ne ja, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ya kwanta a cikin gurbin. Ragowar ɗinkin anko ne da na yi a kan keken. Na zare shi da bakin allura, na hure, na danna harshen. Wannan karon na ji ya ce ƙas.

Na danna maɓalli. Wayar ta yi ɗan motsi a tafin hannuna, fuskarta ta kawo haske. Wallahi ni kaɗai a shago na rangaɗa guɗa, har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya wa ya haihu.

Murnar ba ta daɗe ba. Na nemo saƙon Inna, yana nan. Na danna, layin yana tafiya, amma babu murya. Na ƙure ƙara. Wani ɗan zuu kawai nake ji, kamar sauro a cikin kwalba. Na kunna karatu, haka. Na kashe na sake kunnawa, haka. Na zauna a kan benci na yi tagumi. Baffa ba ya gani sosai, hasken fuskar waya bai dame shi da komai ba. Kunnensa ne ke jira.

Ina jujjuya ta sai na lura da ƴan ramukan da sauti ke fita a ƙasanta. Sun toshe, suna ƙyalli. Gam ɗina ne. Da na danne murfin ɗazu, ya malalo ya cika su tam, ya bushe. Dariya ta kama ni da hawaye tare. Na zaɓi allurar da ta fi kowace siriri, wadda nake ɗinka dutsen ado da ita, na fara tono ramukan ɗaya bayan ɗaya, ina karkata bakin allurar gefe don kada in huda abin da ke ciki. Rami shida ne. A na huɗu na danna saƙon don gwaji, muryar ta fara fitowa, na yi sauri na tsayar. Ban ga ya dace in riga Baffa ji ba.

Kafin in tashi na tura saƙon wayata, na tura wa ƙannena, na tura wa Yaya ba tare da na rubuta masa ko kalma ɗaya ba. Murfin kuwa ɗigo huɗu kacal na sa masa.

Bayan la'asar na sami Baffa a zaure a kan buzunsa. Na durƙusa na miƙa masa.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Baffa."

Ya laluba da babban yatsa inda ya saba, ya danna. Muryar Inna ta cika zauren, da ɗan hakin nan nata, ana jin kukan ɗan maraƙi a bayanta: "Malam, an yini lafiya? Na san halinka. Ka sha maganinka kafin ka fita, kada ka ce ka manta."

Baffa ya saurara har saƙon ya ƙare. Ya gyara hularsa.

"To, na ji," ya ce wa wayar. Sannan ya juyo wajena. "Miƙo mini ruwa da ƙwayar nan."