Goggon Jaka ta ajiye aiki

Kullum da safe, kafin masu shara su kwashe bokitansu, take shigowa ɗakin yaran da aka yi wa dashen ƙoda. Takalmanta ba sa ƙara. Ba ta yi wa kowa magana sai ta bi gadaje shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa, ta ɗaga jakar fitsarin da ke rataye a gindin kowane gado, ta duba ta a hasken taga. Sannan ta miƙe ta ce, "Kun tashi lafiya?" Shi ya sa yara suka laƙaba mata Goggon Jaka. Shekara ashirin da uku tana aikin jinya a ɗakin nan, a makon nan kuma ta yi ritaya.

Ba zan ɓoye ba, mu iyaye tsoronta muke ji. Ɗakin sanyi gare shi, kowa da takunkumi, ba ka ganin komai a fuskar mutum sai idanu. Ana raɗe-raɗin cewa in Goggo ta jawo kujera ta zauna kusa da wani gado, to wani abu na tafe, ko da yaron dariya yake yi. Wata mai shara ta rantse mini ta ga ta zauna gefen wani yaro da ke wasa da motar roba, na'urori duk suna nuna lafiya lau. Kafin la'asar ɗinkin cikinsa ya fara yoyo, aka mayar da shi tiyata.

Ranar da ta jawo kujera gefen gadon 'yata, kwana uku ke nan da yi mata aikin dashen. Yarinyar shekararta takwas, ta sha wankin ƙoda shekara biyu, kuma ƙodar da aka dasa mata ta babanta ce, yana kwance a hawa na sama da nasa ɗinkin. Tsakar rana ce, ɗakin ya yi tsit. Goggo ta ƙura wa robar fitsarin ido. Abin da tun safe yake zuba ya koma ɗigo ɗaya-ɗaya, da ɗan ja a ciki.

"Goggo, lafiya?" na ce.

Ba ta dube ni ba. Ta ɗora tafin hannunta a marar yarinyar, ta ce, "Uwata, me kike ji a nan?"

"Ƙodar Baba ta yi nauyi," in ji 'yata, da wata muryar da ban san ta da ita ba. "Kamar tana son komawa wurinsa."



Ƙaramin likita ya zo ya duba, ya ce wataƙila robar ce ta lanƙwashe, a ba shi awa ɗaya a gani.

"Na duba robar sau biyu, likita," in ji Goggo. "Ba ita ba ce."

Ya ce babban likitan tiyata yana taro. Goggo ta miƙe ta tafi, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin taron har aka buɗe. Da aka ɗauki hoton cikin, sai ga jijiyar da ke fitar da jini daga ƙodar ta murɗe, jinin ya fara daskarewa. Nan take aka gungura gadon. Daga baya babban likitan ya gaya mini cewa da ya buɗe, ƙodar ta riga ta yi duhu. Ya warware jijiyar, ya tsaya yana kallo har launinta ya dawo. "Da an ƙara awa ɗayan nan," ya ce, "da cire ta zan yi."

Bayan an sallame mu na tambaye ta yadda take sani. Na zaci za ta ce baiwa ce.

"A shekarata ta farko," ta ce, "na ga jaka ta tsaya, na ji nauyin tayar da likita daga cin abinci. Yaron ya ce mini, 'Anti, cikina ya yi sanyi.' Bai kai mako ba ya rasu. Har yau in jaka ta tsaya, ina jin muryarsa a bayana. Ba na waiwayawa, tashi kawai nake yi."

Goggo, ke ce idon da ba ya gajiya. Ke ce kika riƙe hannun iyayen da ƙodar 'ya'yansu ta ƙi zama, kika raka su har bakin na'urar wankin ƙoda, ba ki taɓa yi musu ƙaryar kwantar da hankali ba. Ba a rubuta sunanki a takardar kowane aiki ba, amma akwai gidaje da yawa da ake hayaniyar yara a cikinsu saboda ke. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma matasan da za ku gaje ta, in idonku ya ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa, ko wa za ku ɓata wa rai.

'Yata yanzu shekararta goma sha biyar, ba ta da aiki sai tsokanar ƙannenta. Goggo, ta ce in gaya miki ta fi ki tsawo, in ba ki yarda ba ki zo a gwada.