Katin Wa a Aljihun Ƙane

Ranar da na kira Lawali ba ta fita raina ba har yau. Ni planto ne a kotu, shekara goma sha tara ke nan. Aikina share buro, wato ofis, kai takardu, da kiran sunan masu shari'a a bakin ƙofa. Ban yi karatun lakol ba, amma na san doka guda: wanda bai kai sha takwas ba, alƙalin yara ke yi masa shari'a, kuma ba a haɗa shi ɗaki da manya a gidan kaso. Har masu bita sun zo sun koya mana haka, suka raba littafi mai hotuna, ni ma da ba na karatu aka ba ni. Ba wanda ya faɗi yadda za a yi in takarda ta yi ƙarya.

Wata Litinin bayan girbin gero, jandarma suka kawo yaro daga wani ƙauyen Gazawa. Ya ɗauko jarkokin fetur a kan moto, wato babur, daga iyaka, ya buge wata tsohuwa, ƙafarta ta karye. Katin shaidar da ke aljihunsa ya ce Lawali, shekara ashirin da uku. Na dube shi. Ko muryarsa ba ta fashe ba.

Na ce wa magatakarda, "Malam, wannan yaro ne."

Ya ce, "Baba Ɗanjuma, ni kati nake rubutawa, ba fuska ba. Ka zama likita ne?"

Aka kai shi ɗakin manya. Na san ɗakin nan, na taɓa yin wata huɗu a irinsa ina matashi. Wanda ya fi ƙanƙanta shi ke kwana jikin bokitin fitsari, shi ke cin abin da aka rage.

Aka kira uban. Alƙali ya tambaye shi shekarun ɗansa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Yadda katin ya ce, ranka ya daɗe." Na bi shi waje na ce, "Malam Isa, ka ji tsoron Allah." Ya ce in yi ta kaina. Daga baya na ji wani ne ya gaya masa duk wanda ya ara wa wani kati, kaso za shi. Shi kuwa ainihin mai katin shi ke noma gonar gidan.

Ranar shari'a na kira Lawali sau uku. Yaron yana kan benci a gabana, bai ko ɗaga kai ba, sai da jandarma ya taɓa shi. Can gindin dalbejiya kuma akwai wani mai gemu da na sha gani yana kawo wa yaron fura, ba ya matsowa. Hancinsu ɗaya da yaron.

Ba wanda ya sa ni. Na fita tsakar fili na kwarara murya, "Lawali Isa!"

Mai gemu ya miƙe zumbur. "Na'am!"

Sai ya dafe baki. Na ce, "To taho, angon kati, ana jiranka."

A gaban alƙali ya faɗi gaskiya. Yaron Habu ne, ƙanensa, shekararsa sha biyar. Katin aro ne don wuce shingen hanya. Alƙali ya yi wa uban da wan faɗa sosai, ya ja musu kunne, ya mai da maganar hannun alƙalin yara. Ni ma na samu rabona: ya ce kada in sake kiran suna ba da izini ba. Na ce na ji.

Habu ya yi kwana goma sha ɗaya a ɗakin manya. Ya fito ba takalmi, ba ya kallon idon kowa. Uban bai sake gaishe ni ba, wai na tona asirin gidansa.

Ku sababbin ma'aikata, abin da na koya ke nan. A aikin nan kowa yana da inda zai ɓuya: ma'aikaci bayan takarda, uba bayan tsoro. Yaron ne kaɗai ba shi da ko'ina. In an kawo muku shi, ku dubi yaron kafin ku dubi katin.