Ranar da na yi gadin kwamfutar Oga

Cikin shekarun da na yi ina masinja, akwai wata Alhamis da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina ofishin wani ɗan kwangila a Azare. Ga wanda bai sani ba, aikin masinja shi ne duk abin da akawu da direba suka ce ba nasu ba ne.

Oga yana da kwamfuta a gida, takardun kwangilarsa duk suna ciki. Lafiyarta ƙalau. Sai ya ga ta abokinsa da sabuwar windo, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya ce shi ma ita yake so. Aka kira Emeka mai gyara daga kasuwa.

Emeka ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ta tsufa. A bar mata tata."

Oga ya ce, "Kai ka saya min ita?"

Emeka ya fara loda mata sabuwar windo. Batirinta ya daɗe da mutuwa, babu kuma wuta, don haka aka tayar da janareto. Emeka ya ce idan wutar ta ɗauke a tsakiya komai na iya lalacewa, sannan ya koma shagonsa. Oga ya nuna ni ya ce, "Malam Sale, in ta mutu, kada ka zo gobe." Shi ma ya fice. Manya ba sa zaman jira.

Na zauna a falo. Da ɗan Turancina na firamare na karanta abin da ta rubuta: kada a kashe. Kamar ni na ce zan kashe! Lambar da ke nuna inda lodin ya kai ta kai talatin cikin ɗari ta tsaya cak. Ban kunna fanka ba, kada ta ja mata wuta. Azahar a gefenta na yi, kunnena na wajen janareto, har na rasa raka'a uku na yi ko huɗu, na sake daga farko.

Wajen la'asar janareto ya fara tari. Na leƙa tanki, saura kaɗan. Na ruga na zuƙo man babur ɗina da tiyo, rabi a galan, rabi a bakina, na ɗura masa. Kafin magariba ta gama. Na tura babur da ƙafa har gida, ina godiya ga Allah aikina ya tsira.

Ranar Litinin Oga ya kira ni. "Wannan abu ya yi nauyi, kuma ban san inda suka kai takarduna ba. Kira Emeka ya mayar da tsohuwar. Kai za ka zauna, na ga ka iya."

Ku da kuka shigo aiki yanzu, ku riƙe wannan: Oga ke zaɓa, mai gyara ke latsawa, masinja ke fargaba. In kuwa ka iya fargabar da kyau, ladanka shi ne a sake ba ka.