Sunan Mai Rumfa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Rogo ya san Hajo mai ƙuli, ko da bai san sunanta ba. Tsohuwa ce 'yar firit daga Fulatan, ga faɗan tsiya wajen ciniki. Ka ce ƙulinta ya yi tauri, ta ce haƙoranka ne suka mutu. Rumfar da take zama ta mijinta ce, Barau mai gyaɗa, wanda ya rasu da daɗewa ya bar ta ita kaɗai a gida. 'Yarsu ɗaya tana aure can Kudu, sai dai waya ran Sallah.

A wajen hukuma rumfar har yau da sunan Barau take, Hajo kuwa ba ta taɓa neman a canza ba. Duk damina Lado masinja yakan tsaya da babur a ƙofar gida ya ɗaga murya: "Takardar harajin Malam Barau!" Sai ta fito tana mita, wai ya cika mata kunne. Ƙarya take yi. Ranar ce kaɗai a shekara ake kiran sunan nan a ƙofar gidanta, kuma jiranta take kamar ganin wata. Daga nan ta kai takardar ofis, ta miƙa, ta biya, ba sai ta ce komai ba.

Bana ruwa ya cinye hanya, Lado ya faɗi da babur ya karye, takardu suka tsaya cak. Hajo ta dinga kasa kunne, duk babur ɗin da ya taho sai ya wuce. Ana haka aka yi shela a kasuwa: takarda ta zo ko ba ta zo ba, wanda bai biya ba kafin Juma'a za a ba wani rumfarsa.

Ran Alhamis ta ɗaure kuɗinta a bakin mayafi ta tafi ofishin haraji. Ta tarar da sabon ma'aikaci, wani Lukumanu da aka kawo daga Karaye.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

"Yauwa Iya, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina takardar?"

"Ba ta zo ba."

"Ba komai. Lambar rumfa fa?"

"Ruwa ya wanke ta tun kana goye."

Ya yi murmushi. "To, sunan mai rumfa?"

"Malam."

"Wane Malam, Iya? Ai duk garin nan Malam ne."

"Mai gidana. Mai gyaɗa."

Nan gizo ke saƙar. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, bakin Hajo bai taɓa furta sunan mijinta ba. Mata irinta ba sa yi, kunya ce. Ko wani Barau ta gani a kasuwa, "mai sunan Malam" take ce masa.

Ta waiwaya layi ko za ta ga wanda zai faɗa a madadinta. Duk samari ne, kowa ido a kan waya. Abokan cinikin mijin da ya zauna da su kuwa, duk suna can inda yake. Sai ta ji kaɗaici ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ɗauke shi zuwa makabarta, don a ranar gida cike yake da masu kiran sunansa.

Lukumanu ya gane. Ya sassauta murya, da nufin taimako.

"Iya, kada ki damu. Mu buɗe sabuwar rajista da sunanki, a goge tsohon sunan, kin huta ke nan."

A goge. Hajo ta dubi yaron, ta dubi ƙasa. Leɓenta ya motsa.

"Na'am, Iya? Ban ji ba."

"Barau na ce! Kurma ne kai?"

Nan take ya samo sunan a rajista. Ta biya, ya ba ta rasiti, ta fita ko sallama babu.

A gindin darbejiyar bakin ofis ta zauna. Ta ninke rasitin ta ɗaure a bakin mayafi. Ta duba hagu, ta duba dama, ba mai kallonta. Sai ta sake faɗa, a hankali wannan karon, yadda da ma ta so ta faɗa tun tana amarya.

"Barau."

Ta ɗan jira, ko za a amsa. Sannan ta miƙe ta tsayar da ɗan acaba.