Zane Na Biyar Na Tafiyar Malam Uwaisu

Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, daidai da 14 ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran Malam Uwaisu Tanko Gubuchi a wani asibiti a Zariya, bayan jinyar ƙoda ta mako uku. Na Allah muke dukanmu, kuma wurinSa za mu koma. Judith, wadda muka yi karatu tare a wurinsa, ita ta kira ni ina Kaduna. Ta faɗi rasuwar, sannan ta ce, "Zayyad, abin nan naka har yanzu yana kan intanet." Ba ta yi mini gaisuwa ba ta kashe wayar, kuma ban ga laifinta ba.

Malam, masu yabonka suna da yawa, kuma ba ƙarya za su yi ba. Kai ne ka buɗe shago a bayan kasuwar rake ta Makarfi, da kwamfuta biyu da farantin sola ɗaya, ka ce za ka koya wa 'ya'yan manoma yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni har zane ya yi motsi a shafin intanet, har ya zama wasan da ake bugawa a waya. Shan-inna ya shanye maka ƙafar hagu tun kana yaro, don haka masu zaman teburin mai shayi suka sami abin dariya: wai gurgu ne zai koya wa zane tafiya. Ka ji su sarai, kuma kullum ta gabansu kake wucewa.

Mu goma sha ɗaya ne a ajin. Ba mai taɓa kwamfuta sai ya rubuta umarninsa da biro a littafi ka duba, sannan ya sami minti ashirin. Ka mai da ajin Lahadi zuwa Asabar saboda Judith, da take zuwa daga Ikara, ta sami zuwa coci. Da ta gama wasanta na farko, na yaran da ke cafe mangwaro suna koyon lissafi, sai ka sa muka miƙe tsaye muka tafa mata. Ni kuwa har Hunkuyi ka hau acaɓa ka je, ka zauna a lambun tumatirinmu cikin rana, ba ka tashi ba sai da mahaifina ya yarda ya sake ni kwana biyu a mako.

Amma bakinka ba ya ragawa, wannan ma gaskiya ce. Ranar da na yi ƙwallona na farko mai tsalle, ka kira kowa ya zo ya gani, ka ce wannan ba ƙwallo ba ne, kaza ce da aka yanka take shure-shure. Aka kwashe da dariya, har da 'yan matan ajin. Na yi dariyar tare da su, amma na ƙullace ka.

A wata na huɗu ka ba mu aikin tafiya. Ka ce kowa ya zaɓi mutum guda, ya yi mako yana kallon yadda yake taku, ya zana tafiyar a zane takwas, sannan ya rubuta umarnin da zai riƙa sauya zanukan da sauri har ido ya ga mutum yana tafiya. Wasu suka zaɓi mai tallar nono, wasu mai tura baro. Ni na zaɓe ka. Mako guda ina bin ka a baya daga shago zuwa masallaci, ina lura da yadda kake dafa gwiwa da hannu, ka jefa ƙafar gefe, ka jawo ta. Ban taɓa mai da hankali a kan wani aiki kamar wannan ba.

Na miƙa maka wani zanen daban, na ɓoye naka. Na sa wa nakan farar hularka da jakar da kake ratayawa. Na mai da shi wasa: mutumin yana tsaye ba ya motsi, sai an taɓa fuskar waya an jefe shi da ruɓaɓɓen tumatir, sannan ya ɗingisa zuwa ɗaya gefen. A sama akwai lamba da ke ƙirga duk jifan da aka yi masa, ko daga wayar wa. Na ɗora shi a shafin ajinmu, wanda kai ka buɗe, na tura wa abokai uku adireshin. Kafin Juma'a ta zagayo ya kai Kudan da Malikanchi. Ranar kasuwa wasu suka jefe ka da tumatir na gaske. Na ga jan tabon a bayan rigarka, ka koyar da mu a haka har aka tashi.

Asabar ɗin da ta biyo baya ka buɗe wasan a gaban aji, ka kira ni na zauna kusa da kai. Ka ce in yi jifa. Na yi. Ka kalli tafiyar sau uku.

"Aikin ya yi kyau," ka ce, "amma akwai kuskure. Ka ba kowane zane lokaci ɗaya. A zane na biyar nake ɗora nauyina a kan ƙafar, a nan zafin yake, a nan nake ɗan tsayawa. Ƙara masa lokaci."

Na ƙara. Mutumin ya zama kai sak, har Judith ta tashi ta fita. Na ce zan goge shi yanzu. Ka ce a'a, ɗalibi ba ya goge aikinsa mafi kyau. Ka rubuta cikakken sunana a ƙasan wasan, ka canza kalmar sirrin shafin a gabana, ka ci gaba da darasi. Ba ka sake ta da maganar ba. Har yau ban san ko horo ka yi mini ko ramuwa ba, ina jin duka biyun ne, kuma kai ma ka san inda za ka taɓa mutum ya ji.

Shekara uku ke nan. Da abin da ka koya mini nake cin abinci a Kaduna. Kowace Sallah nakan ce zan zo in durƙusa in nemi yafiyarka, in roƙe ka mu sauke shi, sai in turo gaisuwa ta waya, ka amsa da "Allah Ya yi albarka". Girman kai ne da kunya, babu wani dalili na uku.

Na sami jana'izarka a Gubuchi. Kafin a ta da salla liman ya juyo ya ce, kamar yadda aka saba, duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu ya amsa, "Mun yafe." Na ji muryata a ciki. Ba a tambayar wanda ke kwance a makara ko shi ya yafe.

Ranar addu'ar uku na roƙi matarka, Mukarrama, ta duba mini littattafanka ko ka rubuta kalmar sirrin. Ta duba, babu. Ina shirin tafiya aka ce mahaifiyarka, Inna Azumi, tana kira na. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya.

"An ce kai ne kake da Uwaisu a waya yana tafiya," ta ce. "Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto a tsaye ba. Nuna mini shi, ɗan nan."

Na ce, "Inna, ba abin kallo ba ne."

"Na san ko mene ne. Ni na wanke rigar."

Na buɗe. Ka fito a tsaye da farar hularka, ba ka motsi. Ta jira, ta matso da wayar kusa da idonta, ta tambayi me ya sa ba ka tafiya. Na gaya mata sai an jefe ka. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, jefe shi."

Na jefe ka, Malam, a gaban mahaifiyarka, kwana uku da binne ka. Ka dafa gwiwa, ka jefa ƙafar, ka ɗan tsaya a zane na biyar. Ta ce, "Shi ne. Haka yake tsayawa tun yana shekara huɗu." Da ka kai gefe ka tsaya, ta share ido da bakin mayafinta ta ce, "Sake jifan sa, in ga tafiyarsa." Sau goma sha ɗaya ta sa na yi.

Washegari na kwafi zanukan na yi wani sabo, babu tumatir, kana tafiya da kanka, na sa mata a wayar Mukarrama. Su biyu ne kawai suke buɗe shi. Tsohon yana nan inda ka kulle shi, da sunana a ƙasa. Tun da labarin rasuwarka ya bazu, lambar da ke sama ta ƙaru da fiye da dubu biyu, kuma goma sha ɗaya a ciki nawa ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Azumi, da Mukarrama da 'ya'yanta biyu, da ɗalibanka na Makarfi da Ikara da Kudan. Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Ina roƙon duk wanda yake da adireshin wasan nan, don girman Allah, kada ya sake buɗe shi.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Uwaisu, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha a kowane taku ya zama kaffara. Allah Ya tashe ka a kan ƙafa biyu lafiyayyu, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma in an tara mu ranar hisabi, zan neme ka in yi tambayar da na kasa yi a shekara uku. Ban san yadda zan gane ka ba idan ba ka ɗingishi, don tafiyarka kawai na tsaya na kalla da kyau.