Gajeruwar Ɗorawa ta Bakin Rafi

Shekarar da inna ta tafi da ni ganin gida, gemuna bai gama fitowa ba, amma na riga na yanke wa kaina cewa domin so aka halicce ni. Zango ne ya jawo mini. Gidanmu a Birnin Gwari yana jikin zangon da fatake ke sauka idan sun fito daga Kano za su Gwanja, kuma duk sa'ad da na kuɓuce wa karofin babanmu, can nake zuwa in raɓe kusa da masu jakuna ina sauraron labaru. A cikin labarunsu saurayi yakan haye kogi a cike, ko ya hau dutsen da ba a hawa, don kawai budurwa ta ɗaga ido ta gan shi. Ban taɓa jin wanda ya sami mace ta hanya mai sauƙi ba. Wannan tun Nasara ba su shigo ƙasar ba, ganuwa tana tsaye, ana rufe ƙofar gari da magariba.

Garin su inna ɗan ƙauye ne a wajen Kazage. Mun fita bayan asuba, muka bi sahun waɗansu matan Gwari da ke komawa gida da kayansu a kafaɗa. Bazara ce, an sassabe gonaki an ƙone, ƙasa ta yi fari fat, shanun Fulani suna gangarawa fadama neman ɗanyar ciyawa. Sai da ƙafafuna suka fara raɗaɗi sannan inna ta nuna mini wani abu kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, kamar an shimfiɗa sabon zane a kan toka. Ta ce kurminsu ke nan. Ƙarami ne, mutum zai kewaye shi kafin tuwo ya nuna, amma akwai rafi a cikinsa da ba ya ƙafewa, kuma ɗorawa ta zagaye shi ta kowane gefe.

A gidan kawu na tarar da ita. 'Yarsa ce ta fari, taubashiyata, wadda rabona da ita tun tana yawo ba zane. Yanzu ga ta doguwa, da wushirya, idan ta yi dariya sai ta karkatar da kai kamar tana sauraron wani abu daga nesa. Ta dubi hannuwana da shunin karofi ya rine har gwiwa, ta ce wa inna ai da ta bar bawan nan a birni, nan ba su da karofin da za su tsoma shi. Ni ɗan mace ne, ita 'yar namiji, don haka bawana take kirana, kuma ba ni da bakin musu. Kafin in sha ruwan da ta miƙo mini na riga na gina mana ɗaki a zuciyata, na yi masa daɓe, na rataye mata zanen da zan rina da hannuna.

Amma ba ni kaɗai ke kallonta ba. Akwai ɗan maƙerin garin, wanda suke narka tama da ubansa a bayan kurmi. Dogo ne, baƙi, ƙirjinsa kamar turmi, ba ya yawan magana. Yakan zo gidan kawu da hujjar kawo fartanya, alhali fartanyar kawu ba abin da ya same ta. Idan ya yi sallama sai in ji tuwon da ke bakina ya zama kamar ƙasa. Yana jin Gwaranci ta wajen uwarsa, ita ma tana ɗan ji, sai su riƙa jefa wa juna kalma ɗaya biyu suna murmushi, ni kuwa ina zaune a kan tabarma kamar baƙon da aka manta da shi. Har tafiyarsa na tsana. Har yadda kare yake kaɗa masa wutsiya na tsana, domin ni haushi yake yi mini.

Zuwanmu ya dace da buɗe kurmi. A garin ba mai taɓa ɗorawa, ko da ta faɗo da kanta, sai ranar da mai gari ya ce ta nuna. Ranar nan gari duka yake fita. Samari su hau da gora mai ƙugiya a bakinta suna kakkaɓowa, mata suna tsincewa a ƙasa. Doka ɗaya kawu ya ja mini kunne a kanta: wanda ya hau itace ba ya saukowa sai ya kakkaɓe shi tas, domin kada kowa ya tsinci na ƙasa-ƙasa ya bar na sama wa birai. Wanda ya sauko ya bar saura, shi da gidansu za a yi ta yi musu waƙa har wata bazarar. Na kuma tsinci wata magana a bakin samari, cewa budurwar da aka ga masakinta a gindin itacenka, to magana ta ƙare, sai manya su shiga. Iyakar abin da na ji ke nan, ban kuma tambaya ba, sauran na cike shi da labarun zango.

Ana gobe za a buɗe, da la'asar, ta ce in ɗauko tulu in biyo ta rafi, bawa ba ya zaman banza. Ita ce shigata kurmin ta farko. Daga taku kaɗan zafin rana ya yanke kamar an rufe ƙofa. Ƙasa da sanyi, ganye ya ruɓe yana ƙamshi, kurciyoyi suna kuka a sama, ɗorawa ta rataya jere-jere kamar kitson amarya. Ina tafe a bayanta ina shirya maganar da zan faɗa, duk wadda na ɗauko sai in ga ba ta kai ba. A bakin rafi ta tsaya kusa da wata 'yar ɗorawa, gajeruwa, mai reshe har kusa da ƙasa, ta dafa ta.

"Bawana, ka ga wannan? Ko akuya tana hawanta."

Na ce ai ni ba akuya ba ne.

"Ban ce kai akuya ne ba. Akuya ta fi ka sanin dawa." Ta karkatar da kai. "Gobe ka dube ta da kyau dai."

Da muka juyo sai ga hayaƙin maƙera yana tashi ta bayan itatuwa, ta ɗan tsaya ta dube shi. Wannan tsayuwar ita ce ta lalata mini kome. Na ce a raina ga abin da take nufi: shi namiji ne na manyan itatuwa, ni kuwa ɗan birni, ga tawa 'yar gajeruwa in yi wasa. Na kwana da maganar tana cina.

Da hantsi aka busa ƙaho, gari ya kwarara cikin kurmi. Ban dubi kowa ba, na wuce kai tsaye zuwa ɗorawar da ta fi kowacce tsawo, wadda ke kan tudu ta gabas. Samari suka buɗa mini hanya suna duban juna. Na hau da ƙirji da gwiwa da addu'a, fatar cikina ta saɓule, amma na kai inda rassa suka rabu, aka miƙo mini gora. Sai na zauna ina jira ta zo da masakinta, ta ɗaga kai ta gan ni tsakanina da sama.

Wadda ta zo kaka ce, uwar su inna, tana dogara sanda, da ɗan kwandonta. Ta zauna a gindin itacen ta miƙe ƙafa, ta ce to angona, tunda ba wadda ta taya, ga uwargida ta iso, a kakkaɓo mata masu zaƙi, haƙoranta ba sa son wahala.

Daga can sama ana ganin ƙasar duka. Ga gonaki sun miƙe har gindin duwatsu, ga rugar Fulani da 'yan bukkokinta, ga hanyar da muka biyo ta zama kamar zare, can kuma bayan kome ga babban dajin da mafarauta kaɗai ke shiga, shuɗi kamar ruwan karofi. Da wata rana ce da na yi waƙa. Amma idona yana bakin rafi. Tana zaune a gindin gajeruwar, ita kaɗai, masakinta a gabanta, ba kowa a kan itacen. Ɗan maƙera yana kan wata matsakaiciya ba nisa da ita, yana kakkaɓa ba hutawa, kamar mai korar wuta. Na ce ga shi nan, ta zaɓi inda za ta sha kallonsa. Na kai wa wani reshe duka da haushi, ɗorawa ta zubo wa kaka a ka.

Ta kakkaɓe kallabinta ta ɗaga kai.

"Kai, angona, wai me ka hau yi nan? Yarinyar nan tun da sassafe ta je ta share gindin gajeruwar can da hannunta."

Na ce ta share wa mai kallonta.

"Wane mai kallo? A nan mace ce ke zaɓen itace ta ajiye masakinta, mai sonta ya zo ya hau. Wancan ƙaton yana bukatar a zaɓa masa gajeruwa ne?"

Gorar ta kusa suɓuce mini. Na dubi ƙasa, na dubi rassan da ke kaina, kowanne dam da ɗorawa, aikin da ƙwararre ma sai ya kai la'asar. Na dubi kawu, yana tsaye cikin dattawa yana nuna ni da haɓa, da alama yabona yake. In na sauko yanzu, waƙar da za a yi ba ni kaɗai za ta ci ba, har shi, har inna da ta zo ganin gida. Jaruman labarun zango kuma ba sa saukowa daga dutse suna ba da haƙuri. Sai na ce zan gama. Na kama duka ta ko'ina, ganye da ɓawo suna zuba, tafin hannuna ya fashe, kaka ta ja kwandonta gefe tana cewa a hankali, ba da itacen kake faɗa ba.

Ina cikin haka na ga ɗan maƙera ya zame ya sauko, nasa itacen fes. Ya sha ruwa a rafi, ya wanke fuska, bai yi gaggawa ba. Ita kuwa ta ɗago kai ta dubi tudun gabas, ta daɗe tana duba. Na ɗaga mata shuɗin hannuna, ban san ko ta gani ba. Ya je ya tsaya a gabanta ya faɗi wani abu. Ba ta ɗauke masakin ba. Taku ɗaya ya yi ya hau, kamar mai hawa gado, sai na ji guɗa ta tashi daga bakin rafi ta bi kurmin duka.

Sai da rana ta yi ja na gama nawa. Kaka ta sami ɗorawar da ta ishe ta daddawar shekara, har da ɓawon da za ta yi makubar daɓe, ta yi ta sa mini albarka a gaban mutane. Bayan girbin shekarar aka ɗaura auren taubashiyata da ɗan maƙera. Babanmu ya ce a rina wa 'yar kawu zane, ni na rina shi, na tsoma na sake tsomawa har ya yi baƙi yana ɗaukar ido, ina yi ina tunanin wanda zai riƙa ganinsa kullum.

Na yi aure, na haifa, na gaji karofi. Kowace shekara takan aiko mana da daddawa a ganye, in na ji ƙamshinta a miya sai in tuna da shi yana wanke fuska a rafi ba gaggawa, cin abincin ya fita raina. Na sake komawa garin muna da furfura duka, ta'aziyyar kawu. Mijinta maƙerin ya ranƙwafa, wuta ta cinye masa ido ɗaya, amma da ta kawo ruwa shi ta fara miƙa wa, na kuwa ji abin nan ya motsa a ƙirjina sabo fil. Da ya shiga ciki na tambaye ta, da na sauko ranar nan fa?

Ta karkatar da kai, wushiryar tana nan.

"Da an yi maka waƙa shekara guda, bawana. Da ni ma na taya su, a ɗakinka."

Ta ɗauki ƙwaryar ta bi bayansa.