Yadda Na Rubuta wa Gawo Takardar Mutuwa

Malam Edita, assalamu alaikum. Masana sun haɗu a kan cewa wuta da fari da gatari su ne ke kashe daji. Ina so tarihi ya rubuta cewa akwai na huɗu, kuma ni na gano shi a wani ofishi a Dutse, da yatsa ɗaya, ina zaune ƙarƙashin fanka. A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, tsohon malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Ringim, wanda ya gaji da ƙurar alli ya koma wani shirin kula da itatuwa da ba zan ambaci sunansa ba. Biro uku nake sakawa a aljihun gaba, na iya faɗin sunan kuka da Latinanci, kuma na yi imani duk abin da inji ya buga ya fi abin da baki ya faɗa gaskiya.

Shekarar da aka fara maganar shari'a aka kawo mana kwamfuta, da wata manhaja da aka ce tana hango gaban daji. Ka ba ta yawan itatuwa da kaurinsu da tsayinsu, ta faɗa maka yadda wurin zai kasance bayan shekara ashirin, da wanda za a sare da wanda za a bari. Aka ba kwamfutar ɗaki ita kaɗai, aka ɗinka mata riga, sai an cire takalmi ake shiga wurinta. Ni aka tura kwas na mako biyu, na dawo na zama tafintanta. Tun ranar farko ya kamata in gane baƙuwa ce. Ta tambaye ni wata nawa ƙanƙara ke rufe ƙasa, na ce babu. Ta tambayi yawan barewar da ke cin dashe, na duba ko'ina ban ga gurbin akuya ba, sai na shigar da awakin a matsayin bareyi, ina ba bareyi haƙuri a zuciyata. A jerin itatuwanta babu gawo, babu marke, babu ɗorawa. Na zaɓi wata bishiyar ƙasar sanyi da hotonta ya ɗan yi kama, na ce ai duk itace ne.

Aikinmu na farko shi ne wata makiyaya kusa da wani ƙauye a hanyar Jahun, cike da tsofaffin gawo. Muka je awo a tsakiyar damina. Ga masu karatu na birni, gawo bishiya ce mai taurin kai: idan ruwa ya sauka kowa ya yi kore, ita sai ta zubar da ganyenta ta tsaya tsirara, idan ruwa ya ɗauke kowa ya bushe, sai ta yi ado. Shi ya sa gero ke yin kyau a gindinta, kuma da rani 'ya'yanta da ganyenta ke riƙe shanu. Na san wannan. Na koyar da shi a aji biyu, har na taɓa cire wa ɗalibi maki a kansa. Amma fom ɗin manhajar ya tambaya ganye nawa ne a kan bishiya a lokacin ruwa. Na ɗaga kai ban ga ko ɗaya ba, na rubuta sifili. Ban yi ƙarya ba, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi har yau. Ita kuma manhajar, a ƙasarsu duk bishiyar da ba ta da ganye lokacin da 'yan uwanta ke da shi ta mutu. Ta fito da rahoto mai zane-zane: gawon wurin duk matattu ne, a sare su kafin su faɗo wa mutane, a dasa bishiyar turare.

Na ɗan yi shakka, ba zan ɓoye ba. Amma ogana ya ga zanen da layuka masu hawa da sauka, ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa ganin rahoto irin wannan ba, ya kira ni Farfesa a gaban masinja. Mutum ba ya tsayawa a irin wannan lokaci ya ce yallaɓai akwai 'yar matsala. Na sa hannu, takarda ta hau sama, aka tura ni in shafa wa kowace bishiya jan fenti.

Ina cikin shafawa sai ga ardon wurin, dattijo mai malfa da sanda. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo har ya tambayi lafiyar babur ɗina, sannan ya tambayi ma'anar jan. Na ce masa, Baba, na'ura ce ta nuna sun mutu. Ya yi salati, ya ce yaushe aka yi rasuwar, shi da ya bi ta ƙarƙashinsu da safe ba wanda ya sanar da shi. Ya tambaya ko na'urar ta zo ta gani da idonta, na ce a'a. Ya ce to wa ya faɗa mata, na ce ni. Ya ce ni kuma wa ya faɗa mini, na ce ita. Ya gyaɗa kai ya ce yanzu da shari'a ta zo, in aka kai wa alƙali shaidu biyu da kowanne a bakin ɗan uwansa ya ji, ko rigimar kaza ba za a yanke ba. Ya ce ko dai gawo na rubuta ita kuma ta karanta gawa, don ya ji an ce Turawa ba su da kunnen Hausa. Daga nan ya daina wasa. Ya ce, ɗana, in aka sare waɗannan, shanuna ba za su ga damina mai zuwa ba, ni kuma na tsufa da ƙaura. Na ce masa takarda ta riga ta hau sama, ba ta dawowa. Wannan amsar ce nake neman gafarar Allah a kanta, fiye da sifilin.

Ba jarumtata ce ta ceci itatuwan ba, barcin fayil ne. Ya yi wata bakwai yana hutawa daga tebur zuwa tebur, sai tsakiyar rani aka sa masa hannu. Oga ya ce da kansa zai je, da wani baƙo daga waɗanda suka kawo manhajar, da mai injin yankan itace. Muka isa rana na dukan ƙasa, gonaki fayau, babu kore ko'ina sai a kan gawawwakina. Ga su nan shar, kowacce da jan fentinta, shanu na kwance a ƙasa suna tuƙa. Mutanen gari sun shimfiɗa tabarmi a gindin babbar cikinsu. Ardo ya miƙe ya ce sun taru ne karɓar gaisuwa, a yi haƙuri da mamatan, ba su daina yin inuwa ba. Aka kawo fura da nono. Oga ya share zufa ya tambaye ni ina matattun itatuwan, na ce yallaɓai, a ƙarƙashin ɗaya muke zaune. Mai inji ya tambaya ko da wannan zai fara, ko a bari a gama shan fura. Baƙon ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ai an rubuta a shafin ƙarshe na littafin manhajar cewa ba ta san itacen da ba ya cikin jerinta ba. Ni da na shekara bakwai ina ce wa yara su karanta umarni kafin su amsa tambaya, ban kai shafin ba.

Ba a sare ko reshe ba. Da na koma ofis na yi ƙoƙarin gyarawa, na shigar da ganye, manhajar ta ƙi, ta ce matacciyar bishiya ba ta yin ganye. Dole na yi musu rajista a matsayin sabon dashe. Saboda haka a littafinta akwai gawo ɗan wata ɗaya wanda mutum uku ba sa iya rungumarsa. A ƙauyen kuwa har yau Mai Ta'aziyya suke kirana, a ofis kuma sunan Farfesa ya zauna, amma da wata irin murya.

Abin da na koya shi ne na'ura ba ta san abin da ba a gina ta da shi ba, kuma ba za ta ce maka ba ta sani ba, amsa za ta ba ka da zane mai kyau. Ina kira ga matasan da ke riƙe da irin waɗannan manhajoji yanzu, waɗanda na ji sun fi tamu wayo: ku tambayi a wace ƙasa aka haife ta, ku karanta shafin ƙarshe tun farko, kuma in takarda ta saɓa wa dattijon da ya shekara sittin a gindin bishiya, ku ajiye biro ku zauna a tabarmarsa.

Ita kuwa kwamfutar ta mutu a daminar da ta biyo baya. Mun jira har rani, ba ta yi ganye ba.